Giyabos Ɗin Da Ban Canja Ba

Zuwa ga mai kula da wannan fili, da dukan masu karatu, Kirista da Musulmi, ina gaishe ku da kyau, ina fata kuna lafiya ku da iyalanku. Don Allah kada a buga sunana, kada kuma a buga sunan ƙauyenmu, domin a wajenmu in mutum ɗaya ya karanta jarida, gari duka ya ji. Ku yi haƙuri da Hausata, ba ita na sha a nono ba, a makarantar mishan da gareji na koye ta. Sai roƙon da ya fi wuya: ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san abin da za ku kira ni, kuma babu sunan da za ku ba ni wanda ban riga na ba kaina ba. Ba lallashi nake nema ba. Hanya nake nema, in akwai ta.

Ni bakanike ne a Kafanchan, ina da ɗan gareji a gindin wani mangwaro, ina da mata da yara ƙanana. Asalina daga wani ƙauye ne a bayan Kwoi, ƙasar citta. Iyayena sun rasu tun ban san kaina ba, ƙanen mahaifiyata ne ya ɗauke ni, shi da matarsa. A nan zan ce masa Kawu, ita kuma Mama, tun da haka nake kiransu. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, ƙanwa ce a gare ni, Buroda take kirana, wato yaya, yanzu tana koyarwa a firamare, kowa Malama yake ce mata. Ban taɓa ganin bambanci tsakanina da ita a gidan nan ba. In Mama ta dafa kaza, ni take ɓoye wa cinya a ƙarƙashin tuwo. Kawu ne ya kama hannuna ya kai ni koyon aiki, shi ya je ya nemo mini aure, shi ya tsaya a matsayin uba a majami'a ranar da aka ɗaura.

Kawu direba ne. Tun zamanin Turawan mishan yake jan wata tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, irin mai sanduna uku a gefen direba, babba ta giya da ƙanana biyu na hawan dutse da shiga laka. Da Turawan suka tashi komawa ƙasarsu bayan yaƙi, sai suka bar wa ikilisiyarmu motar saboda ɗakin shan magani. Wanda bai san hanyarmu da damina ba, ba zai gane darajar motar nan ba. Ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗaukar wanda maciji ya sara, ita ke kawo gawa gida, ita ke fitar da citta zuwa bakin titi, kuma mutum ɗaya ne ke taɓa sitiyarinta. An ce kafin ya tuba Kawu mashayin burukutu ne na gaske, amma ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙwarya a bakinsa ba. Dattijon ikilisiya ne, a bencin gaba yake zama.

Motar ta tsufa, giyabos ɗinta, wato akwatin giya, ya gaji. Ciwonsa ɗaya ne: in ana gangara a lamba biyu, nauyin kaya yana tura injin, sai sandar giya ta yi tsalle ta fita da kanta, motar ta saki jiki ta ɗauki gudu. Kawu ya san halinta sarai. Ya yanko wata 'yar gwafa ta icen gwaiba, in ya zo gangara sai ya tokare sandar da ita, ko ya danne da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗaya. Shekaru yana haka babu abin da ya faru, amma ya sha gaya wa dattawa cewa wata rana gwafa za ta karye. Shi ne ikilisiya ta yi gonar citta ta gayya, maza suka yi noma, mata suka yi ta yanka da shanya har hannuwansu suka yi kanta, aka samu aka sayo wani giyabos daga Jos, na wata mota da ta kife ba ta daɗe da fitowa ba. Kowa sabo yake ce masa. Ranar da ya iso a akwatin katako, gaban majami'a aka sauke shi, Fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a, mata suka yi guɗa.

Sai maganar wanda zai ɗaura shi. Wasu dattawa suka ce a kai motar Kaduna, ga waɗanda suka saba da irinta. Kawu ya miƙe ya ce ina amfanin yaron da aka koya wa aiki in za a tsallake shi a kai wa baƙo? Ya ce shi ya ɗauki nauyina, in wani abu ya lalace a tambaye shi. Aka aiko aka kira ni, Fasto ya tambaye ni ko na iya. Jama'a, ni ban taɓa sauke giyabos ɗin mota mai jan ƙafa huɗu ba. Na ƙananan motoci na sani, da na tasi. Amma Kawu yana kallona, Mama tana tsaye daga bakin taga da mata, yaya zan ce ban iya ba? Na ce na iya. Wannan ita ce ƙaryata ta farko, kuma a lokacin ban ɗauke ta ƙarya ba, cewa na yi ƙarfe duk ƙarfe ne.

Kawu ya kawo motar Kafanchan ya bar mini, ya koma gida a motar kasuwa. Na zaɓi ranar da maƙwabtana na gareji suka tafi wani biki, don ba na so a gan ni ina lalube. Ita wannan motar ba ta ƙasa ake fitar mata da giyabos ba, ta cikin ɗakin direba ake bi. Na cire kujeru, na ɗaga farantan ƙasa, na kwance farfela ta gaba da ta baya, na saki birkin hannu da kuloci, na kwance notocin da suka haɗa shi da injin. Na rataya igiya a reshen mangwaro, na ja shi a hankali ya fito ta ƙofa. Abin ya zo mini da sauƙi har na fara waƙa. Sai na ɗaura wa sabon giyabos ɗin igiyar nan dai. Shi kuwa yana haɗe da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya, nauyinsa ya kai na mutum biyu, aikin mutum uku ne ni kaɗai na tsaya a kai saboda girman kai. Na ja shi sama ya kai ƙirjina, na sa kafaɗa ina tura shi ta ƙofa, sai igiyar da ta riga ta gogu a jikin reshe ta tsinke. Ya faɗo a kan wani tsohon injin da nake ajiye da shi. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba. Da na juya shi, jikinsa ya tsage tun daga sama har ƙasa, wani ɓangare ya ɓalle, ina ganin haƙoran ciki. Irin farin ƙarfen nan ne wanda ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe kamar tukunya, kuma babu mai walda a garin nan da zai iya haɗa shi.

Na zauna a ƙasa na rasa inda zan sa kaina. Abin da na gani a idona ba giyabos ba ne, hannuwan matan nan ne, da Kawu a tsaye yana cewa a tambaye shi. Da wane baki zan koma ƙauye in ce na fasa noman shekara guda kafin ma ya shiga mota? Ina Kawu zai sa fuskarsa a gaban dattawan da ya yi wa gardama? Ina so in ce muku dominsa na yi abin da na yi, amma na yi alkawarin gaskiya a wasiƙar nan: domin kaina na yi. Na cire wa fasasshen murfi da kan sanda, na ja shi na tura shi cikin ramin da nake zubar da baƙin mai, na jibga masa tarkacen ƙarfe. Na ɗauko tsohon, na buɗe murfinsa, na miƙe ɗan sifirin da ke riƙe giya a wurinta don ya ƙara ƙarfi, na wanke shi da fetur har ya yi ƙyalli, na sa masa murfin sabon da kan sandarsa, na shafa masa fenti. Washegari na nemi mutane suka kama mini muka mayar da shi, ba wanda ya san wanne ne wanne. Na zuba man giya, na zaga gari da motar, na kai ta gangaren rafi, giya ta zauna daram. Na ce wa kaina zan yi ta aiki in tara, in je Jos a ɓoye in sayo wani, in ce wa Kawu ya kawo motar a duba mai, in canja ba wanda ya sani. Wallahi haka na yi niyya. Amma ina niyya ta taɓa riƙe mota a gangara?

Da Kawu ya zo ɗauka, ya leƙa ya ga ƙarfe yana sheƙi, ya shiga ya zaga, ya dawo yana dariya irin wadda na daɗe ban ga ya yi ba. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya zaro gwafar gwaibar nan, ya dube ta ya ce mata ta yi ritaya, ya jefa ta cikin tarkacena.

"Ɗana, ka fitar da ni kunya," in ji shi. "Daga yau hannuwana biyu a kan sitiyari, kamar direban gwamna."

Na buɗe baki. Ina so in ce, Kawu, riƙe gwafar nan tukuna, sabon ƙarfe sai ya saba. Ko wannan kaɗai na faɗa, da yau ba na rubuta muku. Amma na ji tsoro kada ya tambaye ni dalili, sai na ce Allah ya kiyaye hanya. Wannan shi ne abin da ke cin raina fiye da fasa giyabos ɗin. Tsohon giyabos bai taɓa kashe kowa ba muddin Kawu ya san tsoho ne. Ni na cire masa sanin, na bar masa ciwon.

Motar ta yi 'yan makonni lafiya, har na fara cin abinci da daɗi. Sai ƙarshen damina ya zo, lokacin taron zumuntar mata na gunduma. Matan ƙauyenmu suka cika bayan motar da anko ɗinsu da tulunan kiɗa da buhunan abinci, Mama tana cikinsu, ita ce mai ba da waƙa. A hanya injin ya yi zafi, Kawu ya tsaya a wani ƙauye ya shiga gidan da ya fi kusa da galan ya ɗebo ruwa. Ashe gidan ana sayar da burukutu a ciki. Gaba kaɗan akwai wata doguwar gangara mai kwana a ƙasa, kafin gadar katako. Ya sa lamba biyu kamar kullum, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari. A tsakiyar gangarar giya ta fita. Ya taka birki, laka ta ja shi, kaya ya yi yawa, motar ta ƙi shan kwanar, ta kife a gefen rafi. Mata da yawa sun ji rauni, wata ta karye a hannu, wata ta rasa haƙora. Mama ce motar ta danne. Kafin a ɗaga ƙarfen ta cika. Kawu kuwa bayansa ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai har yau.

Mutanen da suka zo ceto suka ce sun same shi a kwance yana ta maimaita magana ɗaya: "Giya ce, giya ce ta yi mini haka." Kun san a bakinmu na nan, giyar mota da giyar sha duk ɗaya muke faɗinsu. Wani kuma ya ce shi da idonsa ya ga direban ya fito daga gidan burukutu. Tsofaffi suka tuna da halinsa na da. Kafin a binne Mama, magana ta gama ƙasar: dattijon ikilisiya ya sha ya bugu ya kashe matarsa. 'Yan sanda sun zo sun duba, da suka ga direban ba zai ƙara tafiya ba, wadda ta mutu kuma matarsa ce, dangi suka roƙa, maganar ta kwanta a nan. Amma ta ikilisiya ba ta kwanta ba.

Da Kawu ya dawo hayyacinsa a asibiti ya ji abin da ake faɗa, ya yi rantsuwa bai sha ba, ya ce giyar mota yake nufi, ta fita daidai yadda tsohuwar take fita. Shi ne dattawa suka zauna a gidan Fasto suka kira ni. Har yau ina ganin wurin, da tabarmar, da kwanon gyaɗar da ba wanda ya taɓa. Fasto mutum ne mai tausayi, na san yana neman ƙofar da zai fitar da Kawu ne. Ya dube ni ya ce:

"Ɗana, kai ne ka san ƙarfe, mu ba mu sani ba. Ka gaya mana tsakaninka da Allah, sabon giyabos yana fita da kansa?"

Na ce, "Baba Fasto, sabon giyabos ba ya fita."

Kun ga abin da na yi? Ban faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba, kuma ban taɓa yin ƙarya mai girman wannan ba. Wani dattijo ya ce to ai magana ta ƙare, tun da ɗan da ya riƙa ma ya kasa kare shi. Aka sauke Kawu daga dattijo, aka sa shi a horo: ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi a majami'a, sai ya amsa laifinsa a gaban jama'a, in kuwa ya mutu a haka ba za a yi masa sujadar jana'iza ba. Na fito daga gidan nan, mutane suna dafa kafaɗata suna cewa na yi ƙoƙari, gaskiya ɗaci gare ta.

Da aka sallame shi, gidana aka kawo shi, saboda kusa da asibiti, kuma babu mai kula da shi a ƙauye. Matata ke dafa masa, ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sa mini albarka. An taɓa ba da misali da ni a wa'azi, wai ga maraya da ya san alheri, ina zaune a benci ina ji, na so ƙasa ta tsage. Malama kuwa tun ranar jana'iza ba ta yi wa ubanta magana ba. Takan zo ƙarshen wata da doya da sabulu ta miƙa wa matata, ta zauna a tsakar gida ta ba ɗakinsa baya. Shi yana jin muryarta, yakan yi tari don ta san idonsa biyu, ba ta juyawa. Rannan da na raka ta tasha ta riƙe hannuna tana kuka ta ce, "Buroda, kai kaɗai ka rage mini. Ban san yadda kake iya wanke mutumin da ya kashe mana uwa ba." Me zan ce mata? Cewa na yi ta yi haƙuri, uba uba ne.

Da farko Kawu yana faɗa, duk wanda ya shigo sai ya ba shi labarin gangarar nan, yana nuna yadda sandar ta yi tsalle. Mutane sukan gyaɗa kai kawai. A hankali ya rage. Bai taɓa zargina ba, ko sau ɗaya, kuma da ya zarge ni da ya fi mini sauƙi. Wata rana da hantsi ina yi masa aski a bakin ƙofa, sai ya tambaye ni ko akwai yadda za a yi sabon ƙarfe ya zo da ciwon tsoho. Aska tana hannuna, wuyansa yana gabana a miƙe, ya sakar mini kansa kamar jariri. Na ce da wuya, Kawu.

"To, ni ne ke nan," in ji shi. "Wataƙila ban tura ta ta shiga sosai ba. Tsufa ne. Shekara da shekaru ina tuƙi, ashe a hannuna za ta mutu."

Tun daga ranar bai ƙara ba kowa labarin ba. Abincinsa ya ragu, ya daina waƙa, ya bar tambayar ko Malama ta zo. Mutumin da ya san gaskiya da idonsa da hannunsa, ni na sa ya daina yarda da kansa. Akwai wani suna da ake ba wannan zunubin? Ni ban san shi ba.

Kada ku ɗauka ban gwada ba. Na hau mota na je ƙauye musamman don in gaya wa Fasto, na wuce motar ikilisiyar tana nan a harabar majami'a inda aka jawo ta, ciyawa ta fito ta cikinta, duk bakaniken da ya kankare fentin nan da wuƙa zai gane. Na isa ƙofar Fasto, matarsa ta fito ta rungume ni ta ce ga ɗan albarka, aka kawo mini kunu, na sha, na gaishe su, na dawo. Na sha zama kusa da matata in ce yau zan faɗa, sai in ga yadda take wanke zannuwan Kawu ba ta taɓa ɓata rai ba, don tana ganin aikin Ubangiji muke yi, sai in fasa. Ba na iya addu'a. In na durƙusa, in na ce Uba, sai in ji kamar wanda ya shiga gidan da ya yi wa sata yana sallama. Ni ma na daina cin jibi, in an zo rabawa sai in fita kamar ina tari, ba wanda ya lura. A gareji kuwa, mota mai matsalar giya in ta zo sai in tura ta wurin maƙwabci.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne, Kawu ya aika an kira masa Fasto. Ya ce ya yarda, zai amsa a gaban ikilisiya cewa ya sha. An sa ranar, Lahadin jibi mai zuwa a farkon wata. Da Fasto ya tafi na shiga na durƙusa a gaban gadonsa na ce Kawu don me, alhali ba ka sha ba? Ya ɗora hannunsa a kaina.

"Ban sha ba, ɗana, Allah ya sani. Amma na kashe ta, wannan babu gardama. In suna so a sa wa laifin suna burukutu, mene ne a ciki? Jikina yana gaya mini ba zan ga wata damina ba. Ina so in ci jibi kafin in tafi, a binne ni kusa da ita da waƙa, 'yata kuma ta shigo ɗakin nan ko sau ɗaya ta ce mini Baba."

Daga nan ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce ba ya so a shigar da shi majami'a a kan kujera kamar kaya, yana so ni in goya shi a bayana, in kai shi gaban bagade inda Fasto ke tsayawa, in riƙe shi har ya gama magana, don ni ne ɗan da bai taɓa ba shi kunya ba.

Jama'a, yaya zan goya shi? Yaya zan tsaya da nauyinsa a bayana, bakinsa kusa da kunnena, yana ɗaukar wa kansa zunubina a gaban Allah da mutane? Kuma in na buɗe baki, me zan gyara? Mama ba za ta tashi ba, ƙafafunsa ba za su dawo ba. Zai samu sunansa, ya samu 'yarsa, amma a rana ɗaya zai gane cewa hannun da ke wanke shi shi ne ya kashe masa mata, ya tsaya a gaban dattawa ya binne shi da rai, ya kuma yi masa aski yana kallo yana ɗora wa kansa laifi. Ina tsoro wannan ne zai ƙarasa shi, ba ciwon baya ba. In 'yan sanda suka dawo da maganar aka rufe ni, wa zai ɗaga shi, wa zai ciyar da yarana? Malama da ta ce ni kaɗai na rage mata fa? Matan da suka karye, da waɗanda suka yi noman cittar nan, da wane ido za su dubi matata a kasuwa? Wani lokaci nakan ce duk waɗannan dalilai ne na gaskiya, wani lokaci kuma in ga tsoron nan ne dai na gindin mangwaro ya sake riga ya dawo. Na kasa rabe su. Har tunani ya taɓa zo mini cewa in Allah ya ɗauke shi kafin ranar, kowa ya huta, kuma da na ji kaina ina wannan tunanin a kan mutumin da ya rene ni, na san na lalace ƙwarai.

Ban ga hanyar da ba mutuwa a ƙarshenta ba. In akwai fasto a cikin masu karatu, ko malami, ko wani tsoho da ya ga duniya, ko wanda ya taɓa ɗaukar kaya irin nawa ya sauke, don girman Allah ya amsa mini da wuri, kada a ajiye wasiƙar nan sai bayan wata ya kama. Kawu ya riga ya sa matata ta wanke masa farar rigarsa ta dattawa, tana rataye a ƙusa, kullum da safe sai ya tambaye ni ko bayana zai iya ɗaukarsa.

Ku gaya mini, ni me zan yi?

Naku cikin baƙin ciki,
Wani bakanike, Kafanchan.